Daga Anloga Zuwa Sokoban: Tarihin Baje Kolin Kayan Katako a Kumasi

Gabatarwa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Idan akwai hajar da wannan magana ta fi dacewa da ita, to kayan ɗaki ne. Uwar da za ta aurar da 'yarta ba ta sayen gado da labari. Sai ta gan shi da idonta, ta shafa fentinsa, ta jijjiga ƙafafunsa, ta ja aljihun dirowa ta ji ko yana sarƙewa, sannan a shiga tayi. Shi ya sa duk garin da ya yi suna a sana'ar katako a duniya za ka tarar ya tanadi wurin da mai yi da mai saye za su haɗu a gaban hajar. Garin High Point na Amurka ya fara kasuwar kayan ɗaki a 1909, ya buɗe katafaren ginin baje kolinsa mai hawa 10 a 1921, kuma har yau sau biyu a shekara 'yan kasuwa ke cika garin. Milan ta Italiya ta fara nata a 1961.

Kumasi fa? Ga daji kewaye da ita, ga injinan yanka katako, ga dubban kafintoci, ga masu saye daga Tamale har Bamako. Amma mutumin Alabar ko Aboabo ko Asawase da ke neman gado, ina ya riƙa zuwa ya gani a cikin shekaru ɗari da suka wuce? Amsar wannan tambaya ita ce tarihin da za mu bi: daga fadar Asante zuwa zauren mai gida a Zango, daga bakin titin Anloga zuwa zauren baje koli na Accra, daga can zuwa Sokoban.

Garin da kujera ta zama sarauta

Kafin a yi maganar kasuwa, ya kamata mai karatu ya san cewa kujera a ƙasar Asante ba abin zama ce kawai ba. Tarihin baka na Asante ya ce a ƙarshen ƙarni na 17, zamanin Osei Tutu da mashawarcinsa Okomfo Anokye, aka samu Kujerar Zinariya, wadda suka ɗauka cewa ran al'ummarsu gaba ɗaya yana cikinta. Ba mai zama a kanta, ko da Asantehene ne. Gwamnan Ingila Frederick Hodgson bai fahimci haka ba. A watan Maris na 1900 ya tara sarakuna a Kumasi ya nemi a kawo masa ita ya zauna. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin da Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranta, aka tsare Gwamnan a cikin ganuwar sojan Kumasi na tsawon watanni. Da wuya a samu wani gari da maganar kujera ta jawo yaƙi irin wannan.

Ƙananan kujerun ma suna da nasu matsayi. Daga gungume ɗaya ake sassaƙa su, yawanci na itacen osese mai fari da taushi, babu ƙusa babu haɗi. Uba kan ba ɗansa kujera idan ya fara rarrafe, miji kan ba amaryarsa, kuma idan basarake ya mutu akan baƙanta kujerarsa a ajiye a ɗakin kakanni. Akwai zanen da talaka ba ya isa ya sa a yi masa, kamar mai siffar giwa ko damisa. Ƙauyen Ahwiaa da ke kan hanyar Mampong shi ne ya yi suna da wannan sassaƙa, har yau kuma a bakin titi masassaƙansa ke jera hajarsu. Akwai kuma kujeru masu majingina, irin su asipim, waɗanda aka kwaikwayo daga kujerun Turawan da ke gaɓar teku, aka yi musu ado da fata da ƙusoshin tagulla.

A wancan zamani wurin nuna gwanintar masassaƙi shi ne fada da ranar biki. Idan sarakuna suka fito ranar Adae ko Odwira, masu ɗaukar kujeru na biye da su, nan jama'a ke ganin aikin wane ya fi na wane. Irin waɗannan kaya ne sojan Ingila suka kwashe lokacin da suka ƙone Kumasi a 1874. A 2024 wani gidan tarihi na Jami'ar Kalifoniya, mai suna Fowler, ya dawo wa fadar Manhyia da kaya 7 da aka raba Asante da su a wancan lokaci, har da wata kujera ta ado, bayan shekara 150.

Zango da zauren mai gida

Musulmi sun daɗe a Kumasi. Bowdich, wanda ya zo a 1817, da Dupuis, wanda ya zo a 1820, duk sun tarar da malamai da fatake a kusa da fada. Amma Zango kamar yadda muka san shi ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa babbar kasuwar goro ta Gwanja, da kuma shigowar Turawa Kumasi a 1896. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suka gangaro kudu suna bin goro zuwa tushensa. Alhasan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa.

Waɗannan mutane sun zo da wani tsari na ciniki wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zauren baje koli na farko da Bahaushe ya sani. Baƙon falke yana sauka a gidan mai gida. Mai gida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, idan kuma bashi za a bayar shi ne ke tsayawa. Mai saye ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan haja ta fito da aibu. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta yi nazarin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a shekarun 1960, ta nuna cewa amanar mai gida ita ce jarin da ke riƙe da kasuwar. Wato abubuwa uku ne suka haɗu a zaure ɗaya: wurin ganin haja, mutumin da zai tsaya mata, da sanin lokacin da za a same ta. Mu riƙe waɗannan ukun, za mu sake bukatarsu a gaba.

Amma goro da shanu da tufafi ne hajar Zango, ba katako ba. Kayan ɗakin da kakanninmu suka sani daga arewa su ne tabarma, buzu, gadon kara, gadon ƙasa, 'yar kujerar tsugunno ta mata, sai akwatin adaka ga mai hali. Masassaƙin Hausa turmi da taɓarya da akushi da allo yake yi. Abin alfaharin amarya shi ne jere: ƙore da fayafayai, daga baya kwanonin tangaran da na kwalla masu fure, a jera su har kusa da rufi. Da gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo ta kantunan Turawa da na Kwara, sai ya zama shi ne sarkin ɗaki. Saboda haka tun farko Bazange ya shiga kasuwar kayan katako ne ta ƙofar mai saye da mai safara, ba ta ƙofar mai yi ba.

Jirgin ƙasa, koko da zarto

Abubuwa uku suka mayar da Kumasi garin kafintoci. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso daga Sekondi a 1903, layin Accra kuma ya haɗe a 1923, sannan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Kafin nan, gumaguman mahogani da aka fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1880 ta kogi ake turo su zuwa Axim, don haka dajin da ke nesa da ruwa ya tsira. Da dogo ya zo, dajin Asante ya buɗe.

Na biyu koko. Zuwa 1911 Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi. Manomin da ya sayar da koko ya gina gida mai rufin kwano, gidan kuwa yana son ƙyaure da taga da gado da tebur. Makarantu na son benci, coci-coci na son kujeru, ofisoshin gwamnati na son kabad. Ga kuma akwatin gawa, wanda a ƙasar Asante kasuwa ce mai zaman kanta.

Na uku hannu. Mishan ɗin Basel sun horar da kafintoci a wuraren aikinsu na gaɓar teku tun ƙarni na 19, kuma almajiransu sun bazu da zarto da guduma har ƙasashen maƙwabta. Daga nan sana'ar ta riƙa tafiya daga ubangida zuwa yaro.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen kula da gandun daji a 1909, ta yi dokar keɓe dazuzzuka a 1927. Amma idonta yana kan gungume ne, ba kan kujera ba. A babban baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembley a 1924, an gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wani gari mai jar ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kai masu sana'a daga Nijeriya da Gold Coast suna aiki 'yan kallo na kallonsu, aka kuma nuna katakon ƙasar don jawo masu saye. Darasin a fili yake: an baje itacen Asante a Landan domin masana'antun Ingila su saya su yi kayan ɗaki da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan kamfanoni suka kafu, irin su African Timber and Plywood a Samreboi, itacen wawa mai sauƙin nauyi ya samu kasuwa a Turai, katako kuma ya zama na uku a abin da ƙasar ke fitarwa, bayan koko da ma'adinai.

Anloga: titi ya zama zaure

A gabashin Kumasi, kusa da Oforikrom, inda hanyar Accra ke shigowa gari, akwai unguwar da 'yan ƙabilar Ewe suka zauna suka sa mata sunan garinsu na asali da ke bakin teku, wato Anloga. Da yawansu kafintoci ne. Daga tsakiyar ƙarni na 20 wurin ya riƙa cika, har ya zama matattarar masu aikin katako mafi girma a birnin, ba Ewe kaɗai ba, har da Asante da mutanen arewa.

Dalilin bunƙasarsa ba ɓoyayye ba ne. Manyan injinan yanka katako na Kumasi suna yankin Asokwa da Ahinsan da Kaase, ba nisa. Abin da suka tace don fitarwa waje ya tafi Takoradi, ragowar da wanda bai cika sharaɗi ba ya gangaro Anloga da araha. Maƙeran Suame Magazine kuma suka koyi ƙera injin zarto da na goge katako, aka huta da jiran na waje. Sai aiki ya rarrabu: wannan yana sayar da katako, wancan yana da injin yanka, na gaba yana fere ƙafafun tebur, wani haɗawa, wani fenti, wani ɗinkin kushin. Ko ɓarɓashin bai tafi a banza ba, domin masu gawayi, waɗanda da yawansu Sisala ne daga arewa maso yamma, a nan gefe suke tara guntaye su ƙona.

To ina ake nuna hajar? A bakin titi. Gado a jingine da gado, kujeru a kan kujeru, ƙyamare a jere kamar sahu. Duk motar da ta fito daga Accra ko za ta can sai ta ratsa ta tsakiyar wannan baje koli da ba shi da ranar buɗewa balle ta rufewa. Ba kuɗin shiga, ba kuɗin rumfa mai yawa, kuma mai saye yana iya leƙawa baya ya ga wanda ya yi aikin. Daga Zango tafiya ce 'yar kaɗan. Iyayen amare daga Alabar da Aboabo da Sabon Zango nan suke zuwa, haka direbobin manyan motoci masu ɗaukar katako da ƙyamare zuwa Bolga, Wagadugu, Yamai da Bamako. A wannan safara ta arewa, harshen Hausa da dillalan Zango sun yi aiki ƙwarai.

Sai dai titi yana da nasa sharri. Rana na fasa fenti, ruwa na kumbura katako, ƙura na shiga kushin. Mafi muni, yawancin katakon ba a busar da shi yadda ya kamata ba. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a aikin kafinta ɗanyen ice da kansa yake tanƙwarewa bayan an biya kuɗi. Kabad ɗin da aka haɗa a damshin Kumasi, idan ya sha hunturun Tamale ko na Yamai sai ya buɗe baki. Ga garin katako da ake zubarwa a rafi ko a cinna masa wuta, hayaƙi ya rufe unguwa, ga gobara a kai a kai. Anloga ta samar da wurin gani, amma ba ta samar da mai tsayawa ga haja ba.

Zauren da aka gina a Accra

Zauren baje koli na sosai, mai rufi da fitilu, a Accra aka gina shi, garin da kakanninmu ke kira Ankara. Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta tsara filin baje koli na ƙasa da ƙasa a unguwar La, domin nuna wa duniya cewa Ghana za ta zama ƙasar masana'antu. Babban mai zanen gine-gine na kamfanin gine-ginen gwamnati, Vic Adegbite, tare da wasu 'yan Folan biyu, Jacek Chyrosz da Stanisław Rymaszewski, su suka zana shi. Ginin da ya fi jan ido shi ne zauren Afirka, mai rufi zagayayye kamar laimar sarki. Nkrumah bai ga buɗewarsa ba. An hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966, sai gwamnatin soja ta Janar Ankrah ce ta buɗe baje kolin farko a Fabrairun 1967.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa kasuwanci daɗi ba. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969 ta girgiza zanguna, gidaje da shaguna da yawa suka rasa masu su. Shekarun 1970 suka zo da faɗuwar kuɗi da rashin kayan gyara, injina suka tsaya. Sai 1983, shekarar fari da gobarar daji, wadda a cikinta kuma Nijeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan guda. A wannan shekara gwamnatin Rawlings ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da Bankin Duniya, aka zuba rance a harkar katako don a samu kuɗin waje.

A cikin wannan yanayi, a tsakiyar shekarun 1980, aka fara baje kolin kayan ɗaki da aikin katako da ake kira GIFEX a filin na La, tare da ƙungiyar masu kayan ɗaki ta ƙasa, FAWAG. Manufar tana da kyau: maimakon a sayar da gungume, a sayar da kujera, riba ta zauna a gida. Akwai ma misalin da ake nunawa, wato kamfanin Scanstyle na garin Mim, wanda ya daɗe yana fitar da sassan kayan ɗaki zuwa Turai. Tun 1979 aka hana fitar da gumaguman wasu itatuwa 14, a 1995 kuma aka dakatar da fitar da gungumen dajin ƙasar baki ɗaya.

Amma wa ya amfana da zauren? Kafintan Anloga mai yara huɗu da inji ɗaya, kafin ya kai kujerunsa Accra sai ya biya mota ta tafiyar kilomita kusan 250, ya biya rumfa, ya biya masauki, ya rufe shagonsa na kwanaki. Ko ya samu mai oda daga waje, ba shi da ɗakin busar da katako, ba shi da jarin da zai yi kujera 500 iri ɗaya. Don haka zauren ya zama na manyan kamfanoni, titi ya ci gaba da zama na talaka. Da tafiya ta yi tafiya filin na La kansa ya lalace, rumfunansa suka koma shaguna da ofisoshin haya, har a 2020 aka fara rushe gine-gine a cikinsa da niyyar sake gina shi.

Ƙaura zuwa Sokoban

Abin da ya tayar da Anloga ba kishin sana'a ba ne, hanya ce. Hukumomi na son kammala titin da ya zagaye birnin ta hanyar haɗa Oforikrom da Asokwa, kuma kafintoci na zaune a kan layin. Da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa aka gina musu sabon mazauni a Sokoban, kudancin Kumasi, a fili mai faɗin fiye da hekta 12, da rumfuna da wutar lantarki da hanyoyin ciki. A tsakanin 2008 da 2009 aka yi ƙaurar, bayan doguwar jayayya.

Ta wani ɓangaren an ci gaba. Rumfunan sun fi na da, injina sun samu sarari, manyan motocin Burkina Faso da Mali da Nijar na da wurin lodi. Amma an manta da abin da ya sa Anloga ta rayu, wato idon mai wucewa. Sokoban ba a kan hanyar kowa take ba, sai wanda ya yi niyya. Masu sayar da katako da masu injin yanka ba su ji jiki sosai ba, domin mai neman katako zai bi shi duk inda yake. Masu haɗa gado da kujera su suka fi kokawa da nisa da lalacewar hanya da ƙarancin ciniki, wasu suka watse cikin unguwanni suka sake jera kaya a bakin titi. An gina wurin aiki, ba a gina wurin gani ba.

Daji ya ja baya, kwantena ta matso

Yayin da ake wannan, ƙasan sana'ar kanta na zaizayewa. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce a farkon ƙarni na 20 ƙasar na da dajin kurmi kimanin hekta miliyan 8, yanzu abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Odum, wanda Hausawa ke kira loko, da mahogani da sapele sun yi tsada, an koma kan itatuwan da da ake rainawa. Da yake manyan injina waje suke kallo, kafintan gida ya dogara da masu yanka da zarton inji a cikin daji. An haramta wannan yanka a 1998, amma binciken masana gandun daji na ƙasar ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon kasuwannin gida daga nan yake fitowa. A arewa kuma an yi wa maɗobiya wawa ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke sa wa ido. Ga masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba sun shiga har cikin keɓaɓɓun dazuzzuka.

Ta ɗaya gefen, kwantenoni na sauka a Tema ɗauke da kayan ɗaki daga Sin da Turkiyya da Dubai, ana jera su a shaguna masu gilashi da sanyi. Da yawansu garin katako ne aka matse aka lulluɓe, ba su jure ruwa ko ƙaura biyu, amma ƙyallinsu ya fi, kuma an iya nuna su. Abin ya kai maƙura a 2014, lokacin da aka gyara zauren Majalisar Dokokin Ghana aka shigo da kujeru daga Sin, masu sana'ar katako na gida suka yi ta ƙorafi. Abin lura shi ne garin Lecong na lardin Guangdong, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, shi ma a bakin titi ya fara, sannan aka mayar da titin jerin zaurukan nuni masu tsawon kilomitoci. Ba a raba mai yi da idon mai saye ba.

Kammalawa

Idan muka koma kan abubuwa ukun nan na zauren mai gida, za mu ga kowane zamani ya samu wani ya rasa wani. Anloga ta samu wuri, ta rasa mai tsayawa. Zauren Accra ya samu lokaci da suna, ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa. Sokoban ta samu rumfa, ta rasa 'yan kallo. Kumasi ta ga an gina sabuwar kasuwar Kejetia mai shaguna dubbai, ta ga an buɗe katafaren kantin zamani a Asokwa a 2017, amma sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje har yanzu rana da ruwa ne ke gadin hajarta.

Wannan ya shafi Zango kai tsaye. Kuɗin kayan ɗaki na cikin mafi nauyin abin da iyaye ke kashewa a aure, wasu har da bashi. Ko dai kuɗin ya tsaya a hannun yaron unguwa da ya koyi kafinta ko ɗinkin kushin, ko ya bi teku. Kuma abin da sana'ar ta rasa, wato dillanci na amana da sanin kasuwannin arewa har Maraɗi da Kano, shi ne gadon da mutanen Alabar suka fi kowa riƙe da shi. Ba sai an jira gwamnati ta gina ƙaton bene ba. Ƙungiyoyin kafintoci da 'yan kasuwar Zango na iya haɗa kai su kama fili ko zaure a tsakiyar gari sau biyu a shekara, a daidaita shi da lokutan da aure ke yawa, kamar gabanin azumi da bayan babbar Salla. Sharaɗin shiga ya zama guda biyu: busasshen katako na halal, da sunan wanda za a nema idan gado ya tsage. High Point ma da haya ta fara, shekara 12 kafin ta gina nata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, Ya ba shugabanni ikon kula da dajin da ya rage.